Tanki da Tukunya: Lacca a kan Man Tsirrai da Farashin Abinci

  



Babu wanda ke zaune a wannan zaure da yake bukatar a gaya masa cewa in kuɗin fetur ya tashi kuɗin abinci ma tashi yake yi, domin tun ranar 29 ga Mayu 2023, da aka yi shelar janye tallafin mai a Nijeriya, kowane magidanci ya haddace wannan darasi ba tare da ya je gaban malami ba: kuɗin dako ya hau, kuɗin niƙa ya hau, injin ban-ruwa na manomin rani ya zama abin lissafi. Amma wannan tsohuwar alaƙa ce, wadda mai yake a matsayin bara mai yi wa abinci hidima. Mas'alar da nake son mu duba yau wata ce daban, wadda ta fi wannan zurfi, ta kuma fi ta ɓuya ga ido, wato halin da ake shiga idan amfanin gonar kansa, masara ko rake ko manja, ya zamana ana iya juya shi ya koma man mota. Domin daga ranar da haka ta yiwu, mai mota da mai tukunya sun zama masu taya buhu ɗaya a kasuwa ɗaya, alhali ba su san juna ba, galibi ma teku ne a tsakaninsu.

Bari mu fara da sanin abin da kansa. Man tsirrai iri biyu ne manya. Na farko shi ne itanol, wanda ake samu idan aka matse ruwan rake, ko aka niƙa masara aka dama, aka zuba yisti aka bar shi ya tsima, sa'an nan aka dafa shi aka tare tururinsa. Shi ake gaurayawa da fetur. Na biyu shi ne wanda ake sarrafawa daga manja ko man waken suya da makamantansu, ana gauraya shi da dizal. Na ga wasu malamai sun ɗaga kai da na ambaci tsimi, kuma sun yi daidai, gama itanol shi ne ainihin abin da ke sa maye a cikin giya; sai dai wanda ake yi domin mota ba don sha ake yinsa ba, a Amurka ma ana ɓata shi da ɗan fetur tun a masana'anta don kada ya shawu, hukuncinsa kuwa na bar wa ma'abota fiƙihu. Dabarar ba sabuwa ba ce, domin tun a baje kolin birnin Faris na 1900 aka nuna inji irin na Diesel yana aiki da man gyaɗa tsantsa. Abin da ya hana ta yaɗuwa a wancan zamani shi ne arahar man ƙasa. Akwai kuma ƙa'ida guda da nake roƙon ku riƙe, don dukkan lissafin da zai biyo baya a kanta ya dogara: ƙarfin da ke cikin lita ɗaya ta itanol bai wuce kimanin kashi biyu bisa uku na ƙarfin lita ɗaya ta fetur ba, saboda haka motar da ta sha itanol ba za ta kai nisan da za ta kai da fetur ba.

Ƙasar da ta fi kowa sanin daɗi da ɗacin wannan al'amari ita ce Birazil. A 1973, lokacin da ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka rage fitar da shi saboda yaƙin da ya ɓarke a yankinsu a watan Oktoba, farashin ganga ya tashi daga kimanin dala 3 zuwa kusan dala 12 cikin 'yan watanni, Birazil kuwa a lokacin tana sayo kusan kashi 80 cikin 100 na manta daga waje. Ba da jimawa ba farashin sukari ya faɗi a kasuwar duniya, masu gonakin rake na jihar Sao Paulo da na arewa maso gabas suka rasa inda za su kai hajarsu. Da musibu biyu suka haɗu, sai gwamnatin soja ta Janar Ernesto Geisel ta ga cewa ɗaya na iya zama maganin ɗaya, ta kafa shirin da aka sani da Proálcool a watan Nuwamba 1975: ta ba masu masana'antun rake rance mai sauƙi, ta umarci kamfanin mai na ƙasa, Petrobras, ya sayi itanol ya rarraba, ta kuma sa farashinsa ƙasa da na fetur. A 1979 kamfanin Fiat ya fito da mota ƙirar 147 wadda ba ta shan komai sai itanol, sauran kamfanoni suka bi sahu, har ya zamana a tsakiyar shekarun 1980 mafi yawan sababbin motocin da ake sayarwa a ƙasar, kusan tara cikin goma, masu shan itanol ne zalla.

To, a nan ne aibin shirin ya ɓuya, kuma bai bayyana ba sai da zamani ya juya. A 1986 farashin man ƙasa ya rushe, gwamnati ta shiga matsin bashi ta kasa ci gaba da ɗaukar nauyin tallafi, sa'an nan zuwa ƙarshen shekarun nan sukari ya sake yin daraja. Masu masana'anta, waɗanda ba wa'adi suka ɗaukar wa kowa ba sai aljihunsu, suka karkata rakensu zuwa sukari, sai ga shi a 1989 da 1990 mutanen da suka amince da gwamnatinsu suka sayi motar da ba ta san fetur ba suna kwana a layin gidan mai, famfo ya ƙafe, ba su da wata mafita. Mai masana'anta yana da zaɓi biyu, mai mota yana da ɗaya tak, wanda kuwa ba shi da zaɓi shi ne kullum yake biyan kuɗin zaɓin waninsa. Mutane ba su manta da wannan wulaƙanci ba. Kafin ƙarshen shekarun 1990 da wuya ka ga wanda ya sayi sabuwar mota mai shan itanol.

Abin da ya farfaɗo da kasuwar ba doka ba ce, ƙira ce. A watan Maris 2003 kamfanin Volkswagen ya fito da Gol Total Flex, mota mai shan mai biyu, wadda za ka zuba mata fetur yau, gobe itanol, jibi ka haɗa su yadda ka ga dama a tanki ɗaya, domin akwai na'ura a bututun hayaƙi da ke auna iskar da ta fito, ta sanar da ƙaramar kwamfutar injin irin man da ake ƙonawa, ita kuma ta daidaita yawan abin da za a fesa. Cikin shekaru kaɗan irin wannan mota ta mamaye kasuwar ƙasar. Daga nan direban Birazil ya koyi wani hisabi da yake yi a tsaye a gaban famfo, wanda har yara sun san shi: in farashin itanol bai kai kashi 70 cikin 100 na farashin fetur ba, a sha itanol; in ya haura haka, a koma fetur. Wato in fetur yana 100, itanol ba zai sami mai saye ba in ya wuce 70.

Ina roƙon ku dakata a kan wannan ɗan hisabi, domin shi ne zuciyar laccar tawa. Mutane da yawa suna zaton cewa mota mai shan mai biyu ta 'yantar da Birazil daga farashin fetur. Ni kuwa abin da na fahimta shi ne ta ɗaure farashin rake ga farashin fetur ɗauri mafi tsanani fiye da yadda wata doka za ta iya. Ga yadda abin yake gudana. In fetur ya yi tsada, miliyoyin direbobi suna juyawa zuwa itanol a mako guda, ba tare da an yi taro ko an ba da umarni ba. Bukatar itanol ta ƙaru, farashinsa ya bi na fetur sama har ya kusanci wannan iyaka ta 70. Mai masana'anta a garuruwan rake irin su Ribeirão Preto ko Piracicaba, wanda injinansa suke iya fitar da sukari ko itanol daga rake ɗaya, ya duba ya ga itanol ya fi riba, ya rage sukari. Da yake kuwa Birazil ce ta fi kowace ƙasa fitar da sukari zuwa waje, ragin da ya yi sai an ji shi a kasuwar New York inda ake yanke farashin ɗanyen sukari na duniya, daga can kuma ya iso matatun sukari na Legas, waɗanda galibin ɗanyen sukarinsu daga Birazil ake yo jigilarsa, har ya ƙare a kan teburin mai shayi. In kuma fetur ya faɗi, kamar yadda ya faru a farkon annobar 2020, abin ya juyo da baya: itanol ya rasa kasuwa, rake ya kwarara zuwa sukari.

Har ila yau wannan ɗauri yana sa kuskuren hukuma a ɓangare ɗaya ya faɗo a kan wanda bai ji ba bai gani ba. Daga 2011 zuwa 2014 gwamnatin Dilma Rousseff ta danne farashin fetur don ta tsare hauhawar farashi, Petrobras ya riƙa sayar da shi ƙasa da yadda ya sayo. Niyyar kyakkyawa ce, amma da aka danne fetur an danne itanol tare da shi, tunda ba zai iya haura kashi 70 ba, alhali kuɗin noman rake yana ta hawa, masana'antu da dama suka rufe da bashi a wuyansu. Tallafin da aka yi wa mai mota, mai yankan rake ne ya biya wani sashe nasa.

Amurka ta bi wata hanya, kuma bambancin yana da faɗakarwa. Can amfanin gonar masara ce, daga jihohin tsakiya irin su Iowa da Illinois da Nebraska, kuma abin da ya ja ta zuwa tanki doka ce. Majalisa ta yi doka a 2005 da ta wajabta gauraya man tsirrai da fetur, ta faɗaɗa ta a 2007 har ta ba itanol na masara gurbin galan biliyan 15 a shekara. Ma'aunin masara a wurinsu yana da nauyin kilo 25 da 'yan kai, yana kuma ba da kusan lita 10 da rabi na itanol. In kun buga lissafi za ku ga cika tanki mai lita 50 da itanol tsantsa zai ci masara kimanin kilo 120, wato fiye da buhu. Yau sama da sulusin masarar Amurka masana'antun itanol take zuwa. Adalci ya wajabta in ƙara da cewa ba dukkanta ke ƙonewa ba, domin sitaci kaɗai ake cirewa, kusan sulusin nauyin yana dawowa dusa mai gina jiki da ake ba shanu da aladu da kaji, kamar yadda mai matsar gyaɗa take sayar da mai ta kuma sayar da ƙuli-ƙuli, ribarta tana tsakanin biyun.

Motoci masu shan mai biyu kuwa suna nan a Amurka da miliyoyi, amma labarinsu abin mamaki ne. Wata doka ta 1988 ta yi wa kamfanonin ƙera motoci rangwame a ma'aunin tsimin mai in suka ƙera irin waɗannan, sai suka yi ta ƙera su don neman rangwamen, ba don wani ya nema ba. Gidajen man da ke sayar da gaurayen da ake kira E85, mai itanol har zuwa kashi 85, ba su wuce 'yan dubbai ba a ƙasar da gidajen manta suka haura dubu ɗari, mafi yawansu kuma a yankin masara suke. Natijar ita ce mutane da yawa sun yi shekaru suna tuƙa irin wannan mota ba su taɓa zuba mata komai ba sai fetur, wasu ma ba su san tana iya shan wani abu ba. Zaɓin da babu famfonsa a unguwarku suna ne kawai. Don haka kusan dukkan itanol na Amurka yana shiga ne ta gaurayen kashi 10 da ke cikin fetur na yau da kullum, wanda kowa yake saye ko ya sani ko bai sani ba.

Wace hanya ce ta fi hatsari ga mai tukunya? A ganina ta Amurka ce, ga kuma hujjata. Bukatar da ta taso daga zaɓin direba tana ja da baya da kanta in amfanin gona ya yi tsada, gama in rake ya yi ƙaranci itanol ya haura 70, direbobi su gudu zuwa fetur, rake ya sami sarari. Amma bukatar da doka ta ƙayyade ba ta san fari ba, ba ta san damina ba. A 2012 fari mai tsanani ya afka wa yankin masara, farashinta a kasuwar Chicago ya haura dala 8 kowane ma'auni, masu kiwon kaji da shanu suka yi kuka, gwamnonin jihohi da dama suka roƙi hukumar kare muhalli ta sassauta dokar na ɗan lokaci, ta ƙi a watan Nuwamba, bisa hujjar cewa sassaucin ba zai sauya farashi sosai ba tunda matatun mai sun riga sun saba da itanol. Ko da hujjar tata gaskiya ce, ma'anarta ita ce a shekarar ƙaranci ba tanki ne zai rage cinsa ba, wani ne daban.

Wannan wani daban an ga fuskarsa tun kafin nan. A watan Janairu 2007 dubban mutane suka fito titunan birnin Meziko saboda tsadar wainar masarar da ita ce tuwonsu, a cikin wannan watan kuma Shugaba Felipe Calderón ya kira 'yan kasuwa aka ƙulla yarjejeniyar tsayar da farashi. Shekara ta zagayo, gangar mai ta kai dala 147 a watan Yuli 2008, masara da alkama da shinkafa suka yi tashin da ba a saba gani ba, aka yi tarzoma a Haiti da Masar da Burkina Faso da maƙwabciyarmu Kamaru. Jean Ziegler, wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin samun abinci, ya siffanta mayar da abinci man mota da laifi a kan bil'adama. Masana suka yi saɓani mai faɗi: wani masanin Bankin Duniya, Donald Mitchell, ya ɗora wa man tsirrai da abin da ya biyo bayansa mafi yawan laifin, gwamnatin Amurka kuwa ta ce rabonsa bai wuce kashi 3 cikin 100 ba. Idan ƙiyasi biyu suka yi nisa haka da juna, mai hankali ya tambayi wanda ya yi kowanne da abin da yake karewa. Abin da ya tabbata shi ne sababai sun taru: fari a Ostireliya, raunin dala, tsadar taki, da hana fitar da shinkafa da Indiya da Biyetnam suka yi. Shinkafa ba a yin man mota da ita a wancan lokaci, amma ta fi sauran hatsi tashi, wanda ke nuna tsoron gwamnatoci ma sababi ne babba. Sai dai ga masara, ba na shakkar cewa itanol ya shimfiɗa mata wani farashi na ƙasa da ba ta sauka ƙarƙashinsa muddin mai yana da tsada. Manomin Iowa ya ji daɗin haka, kuma ba laifinsa ba ne.

Ƙasashen Asiya da suka shigo daga baya sun nuna cewa idan tura ta kai bango hukuma takan zaɓi tukunya. Indunusiya, wadda ta fi kowa samar da manja a duniya, ta kai gaurayensa a dizal kashi 30 a 2020, da man girki ya yi wuya a cikin gida kuwa ta rufe fitar da manja gaba ɗaya na 'yan makonni a 2022, aka ji zafin abin a kasuwannin duniya. Indiya, wadda a lokacin take da burin kai itanol kashi 20 a fetur, ta taƙaita yin sa da ruwan rake a watan Disamba 2023 saboda damina ba ta yi kyau ba, masana'antu suka koma kan masara, masu kiwon kajinta suka fara ƙorafin tsadar abincin kaji. An toshe nan, ya ɓulle can.

Wani zai ce, ashe wannan ba ihtikari ba ne, wato ɓoye abinci don ya yi tsada, wanda shari'a ta hana? A fahimtata ba shi ba ne, domin malamanmu na Malikiyya ba su kira manomin da ya yi tasarrufi da amfanin gonarsa mai ihtikari ba, mai masana'antar nan kuwa bai ɓoye komai ba, a fili ya saya ya sarrafa. Amma waɗannan malamai sun kuma tabbatar da cewa a lokacin lalura shugaba yana da ikon tilasta wa mai abinci ya fito da shi, domin kiyaye rai yana gaba da kiyaye dukiya. Abin da nake ɗauka daga wannan shi ne duk dokar da za ta wajabta zuba amfanin gona a tanki, wajibi ne a rubuta mata ƙofar fita tun ranar da aka yi ta, a fayyace yawan hatsin da in rumbun ƙasa ya sauka ƙasa da shi za a dakatar da gaurayen, kada a bar wannan hukunci sai ranar da masu masana'anta da masu kiwo suka cika ofishin minista kowa yana jan rigarsa.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan zance, gama tun 2007 Nijeriya ta fitar da manufar gauraya itanol kashi 10 a fetur, da rogo da rake a matsayin tushe, ko da yake abin bai yi nisa ba. Duk ranar da aka sake ɗauko ta, ina fata wakilanmu za su lura da bambanci guda: rake a Birazil sukari yake takara da shi, masarar Amurka galibi ta dabbobi ce, amma rogo da masara da dawa a wurinmu su ne garin kwaki da tuwo da koko, babu wata dabba ko wani kayan marmari a tsakani da zai fara ɗaukar bugun kafin ya iso ga ɗan Adam. Manominmu zai amfana da mai saye na dindindin, wannan gaskiya ce, na kuma san abin da faɗuwar farashi da kaka take yi masa. Sai dai amfanin da hekta ɗaya ta masara take bayarwa a nan bai kai rubu'in na Amurka ba, kuma ƙasar da ba ta riga ta ƙoshi ba, in ta buɗe wa hatsinta ƙofa ta biyu, sai ta fara tabbatar da cewa abin da zai bi ta ƙofar ƙari ne da aka noma, ba ragi ne daga abin da ake ci ba.